Katsewar uwar garken bayanai: laifin hanya ne ko na rumbun kansa?

Assalamu alaikum. Malam, ka yi tambaya game da uwar garken MySQL, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun da kuke ajiye bayanan ɗalibai a cikinsa, a wata makaranta da ke Samaru, wadda takan ƙi amsawa jefi-jefi har manhaja ta gaji da jira, daga baya kuma ta dawo daidai ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Shawarata ita ce kada ku sauya komai tukuna sai kun gano ko matsalar a kan hanyar sadarwa take ko a cikin rumbun bayanan, domin alamunsu sun bambanta.

Matsalar hanya ta fi bayyana ne bayan an ɗan yi shiru. Ma'aikaci zai tafi sallar Azahar, ya dawo ya danna, sai kuskure mai lamba 2006 ko 2013 ya fito cewa haɗi ya yanke. Sau da yawa katangar tsaro (mai tace abin da ke shiga da fita a hanyar sadarwa) ko rauta da ke tsakani ce ke share haɗin da ya daɗe ba motsi tun da wuri, alhali Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ba ya aika saƙon tabbatar da haɗi sai bayan daƙiƙa 7200, MySQL kuwa tana jiran daƙiƙa 28800, wato awa 8, kafin ta rufe shi da kanta. A nan Zariya akwai wani dalili da ake yawan mantawa da shi: an ɗora uwar garke a kan inbata, amma an bar na'urar da ke raba kebul a kan wutar gari, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta sai ta mutu ta sake tashi. Na ga wannan da idona, kuma an shafe makonni ana zargin rumbun da bai yi laifi ba. Ku bar ping, wato umarnin da ke gwada ko uwar garke tana amsawa ta hanyar sadarwa, yana gudana yini guda yana rubuta lokaci, don ku ga sa'ar da hanya ke yankewa.

Matsalar cikin rumbun kuwa cunkoso take bi, kamar lokacin rajista ko shigar da sakamakon jarrabawa, kuma ping zai ci gaba da amsawa lafiya. Kuskure mai lamba 1040 yana nufin an cika iyakar haɗi, wadda asalinta 151 ce, 1205 kuma yana nufin wani aiki ya kulle layin bayani har na bayansa ya jira daƙiƙa 50 ya haƙura. Da zarar uwar garken ta tsaya, ku buga umarnin SHOW PROCESSLIST, mai nuna ayyukan da ke gudana a rumbun, ku ga wanda ya tare hanya, ku kuma duba ko mysqldump, shirin da ke kwafe bayanan rumbun, yana kwafar ajiya a daidai wannan lokaci.

Ban goyi bayan ƙara tsawon lokacin jira ba, domin zai ɓoye alamar ne kawai ya bar ma'aikata suna zaman kallon allo. Don Allah, Malam, ku rubuta lambar kuskure da sa'ar da ya faru har tsawon mako guda, tare da lokutan ɗauke wuta, sannan ka kawo mana mu duba tare.