Sitaj a ofishin lauya a Yamai ko a kotun Tawa?

Ƙanwata, kin ce kin gama lisansi a fannin shari'a a jami'ar Abdou Moumouni, kina son ki ƙware a shari'ar aure da gado, kin rasa inda za ki yi sitaj, wato zaman koyon aiki: ofishin lauya a Yamai ko kotu a Tawa. Ni dai Tawa zan ce ki fara.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali har yau. An yi yunƙuri a 1993 da 2011, abin bai kai ba. Dokar tsarin kotuna ta 2018, kamar ta 2004 da ta gada, ta ce a yi wa mutane hukunci da al'adarsu a batun aure, saki da gado, alƙali yana zaune da masu ba shi shawara kan al'ada. Kundin dokar farar hula (Code civil) da kuka haddace a aji, 'yan kaɗan yake hawa kansu.

A ofishin lauya za ki koyi alƙalami: rubuta ƙara, tsara dosiye, kiyaye wa'adin ɗaukaka ƙara. Sai dai yawancin aikinsu na kamfanoni ne da filaye. Rigimar iyalin da ke isa can ta masu hali ce, galibi gado mai gidaje.

Kotun Tawa kuwa, can za ki ga matar da mijinta ya tafi ci-rani Abijan shekaru, ba aike ba saki, ta zo da goyo tana neman a raba auren. Za ki ji yadda alƙali ke tambayar saki nawa aka yi, yaushe idda ta fara, wa zai riƙe yara, nawa uba zai riƙa bayarwa na ci da sha. Kayan ɗaki kaɗai kan cinye rabin yini, ana ƙirga kwanuka da katifa. Ana magana da Hausa ko Buzanci, magatakarda yana rubutawa da Faransanci, kuma a tsakanin nan ne hakkin mutum kan salwanta. Yawancin masu ƙarar ma sun riga sun bi ta wurin mai gari ko hakimi, sulhu ya gagara.

Aibinta, ba mai zaunar da ke ya koya miki. In ba ki manne wa magatakarda kina karanta tsofaffin hukunce-hukunce ba, kallo kawai za ki sha. Ki nemi izinin shugaban kotu a rubuce tun kafin ki hau mota, don wasu zaman iyali ba a barin kowa ya shiga.