Wata uku da Volca Keys a hannuna

Ƙanen mahaifiyata ne ya taho mini da ita daga Yawunde, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can mota ta kawo shi Garwa. Da na buɗe kwalin, ƙanƙantarta ta ba ni mamaki, don a tafin hannu biyu take zama. Korg Volca Keys ke nan, sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki, ta kamfanin Japan da ta fito a 2013. Kafin ita ban taɓa taɓa ko fiyano ba.

Batir shida take ci, kuma tana da 'yar lasifika a jikinta. Daren da aka ɗauke wuta, zafin Afrilu ya kore mu tsakar gida, a kan tabarma nake kunna ta, fitilunta ja suna bin juna cikin duhu.

Abin da ya sa na so ta shi ne sikwansa, wato wajen da take jera sauti tana maimaitawa. Gurbi 16 ne. Ka danna maɓallin ɗauka, ka taɓa sautin da kake so, ita kuma ta ajiye kowanne a gurbin da ya fi kusa, ta yi ta zagayawa da shi. Makon farko na cika kowane gurbi, abin ya fito kamar injin niƙa. Sai da na rage gudu, na bar gurabe babu komai, na tsaya a sauti biyar kacal, sannan kunnena ya fara jin waƙa.

Duk da haka wani abu bai zauna ba. Ina so in bi kiɗan da nake ji a bukukuwan unguwarmu, amma duk abin da na jera sai ya fito a miƙe, huɗu-huɗu. Kawun da ya kawo ta ya taɓa kaɗa kalangu a samartakarsa. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, wannan tafiyar soja ce. Namu uku-uku yake tafiya." Ya shiga buga gwiwarsa da tafin hannu, ni kuma ina ƙirgawa a zuci. Sha biyu na samu, ba sha shida ba.

Na ce, "Kawu, don Allah sake bugawa."

A nan Active Step ya yi mini rana. Da shi kake kashe gurbin da ba ka so, na'urar ta tsallake shi kamar babu shi. Na kashe huɗu na ƙarshe, 12 suka rage, na sa sauti mai kauri a na 1, na 4, na 7 da na 10. Wallahi tun kafin ta zagayo sau uku ƙafar Kawu ta fara motsi. Ƙanwata ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana tambayar wa ya kunna rediyo. Ranar har ƙarfe ɗaya na dare ban kwanta ba.

Bayan haka na koyi Motion Sequence, mai riƙe yadda ka murɗa maɓalli. Ina murɗa na tace sauti a hankali, amon ya buɗe ya rufe kamar mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata. Flux kuwa yana barin sauti ya faɗi daidai inda yatsanka ya sa shi, ba tare da an ja shi gurbi ba. Har yanzu hannuna bai nuna da shi ba.

Wanda zai saya ya sani: sauti uku take fitarwa a lokaci guda, jeri takwas take ajiyewa, kuma shafa ake yi, ba dannawa irin ta fiyano ba. Mai son kiɗan biki da hannu biyu ya nemi babba. Ni littafi na saya ina rubuta jerin da nake so kafin in goge wani, kuma na ɗinka mata jaka saboda ƙurar hunturu. Kawu ya ce ranar Juma'a zai aro kalangu mu gwada tare.