Wane keke ne zai iya da duwatsun Shere? Ku duba nan kafin ku cire kuɗi

Duk wanda ya san hanyoyin ƙafa na cikin duwatsun Shere a gabashin Jos ya san ba wurin da za ka shiga da kowane irin keke bane. Garin Jos ma kansa yana sama da mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai kusan mita 1,829, ga tsakuwa mai santsi, ga zaizayar da damina ke bari, ga gangara wadda in birki ya ƙi ci sai dai a ce Allah ya kiyaye. To mai son ya fara, keke iri uku zai tarar a kasuwa, kuma wanda yafi ɗaukar ido shi ne wanda ya kamata ka fi gudu.

Ina nufin sabon nan mai ƙyalli, mai shokazoba gaba da baya, an manna masa sitika kala-kala, kuɗinsa kuma da sauƙi. Wallahi in ka ɗaga shi ka ji nauyi, ƙarfe ne zalla, wani ya doshi kilo 18 ko ma ya wuce, shi kuma sifirin ɗin bayan ba abinda yake yi sai cilla ka sama, kana taka feda a hawa yana lotsawa yana shanye maka ƙarfi. Irin wannan na zagaya unguwa ne, kitse ne na rogo. Mai shokazoba biyu na ainihi akwai shi, kuma a gangarar duwatsu ba abinda ya kama ƙafarsa, amma tsada gare shi sosai, sannan ranar da shokazoban baya ya fara yoyon mai ko ya saki iska, wa zai buɗe maka shi? Bakaniken unguwa zai ce kawo, daga nan kuma shikenan.

Na biyu shi ne mara shokazoba kwata-kwata. Baya lalacewa da wuri, amma a kan dutse hannunka da kafaɗarka ne za su ji a jika. Mu wuce shi.

Ni in ka tambaye ni, ka nemi na uku, gwanjo mai kyau, ɗan Beljiyam, mai shokazoba a gaba kawai, firam ɗin alminiyom. Irin su Trek Marlin, Giant Talon, Specialized Rockhopper ko Rockrider, yawanci kilo 13 zuwa 15 suke, shokazoban gabansu na nutsewa kamar milimita 100, kuma hakan ya ishi mai koyo. Sai dai gwanjo sai da ido, kada sunan da ke jikin firam ya ruɗe ka dan sitika ba wuyar bugawa take ba. Ka juya keken ka bi duk inda akayi walda, musamman wuya da ƙarƙashin wajen feda, in kaga layi siriri kamar gashi a jikin fenti to tsagewa ce, ka ajiye musu kayansu, alminiyom in ya tsage gyaransa ba abin yarda bane. Ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuyan na ƙas-ƙas akwai matsala. Ka danna shokazoba da ƙarfi ka saki, ya dawo a hankali ba ƙara, kuma ƙarafan nan biyu masu shiga da fita kada su zama da tsatsa ko karce.

Birki shi ne inda ba a ciniki. Mai roba da ke matse rim yana aiki da rani, amma ruwa da taɓo na taɓa shi ya zama labari. Ka nemi mai faifai, wato wanda ke matse faifan ƙarfe a tsakiyar taya. Shi ma iri biyu ne, mai waya da mai amfani da mai. Mai waya kowa zai iya gyara maka, mai mai kuma yafi ci, da yatsa ɗaya ma ka tsaya, a doguwar gangara hannunka baya ƙagewa. Abu ɗaya da zan ja kunne, birkin Shimano, kamfanin da ke ƙera kayan keke, mansa daban ne, kada wani ya ɗura maka man birkin mota, zai kumbura robobin ciki ya kashe shi gaba ɗaya.

Maganar taya kuma, akwai inci 26, akwai 27.5, akwai 29. Mai 29 yafi haye duwatsu cikin sauƙi kuma ya dace da dogon mutum, amma 26 ne za ka fi samun tayarsa da tib ɗinsa kusan ko ina, dan haka kafin ka biya ka fara tambayar masu kayan keke na garinku me suke dashi. Faɗin taya ya kai inci 2.2 ko sama, mai manyan haƙora. Ka kuma leƙa bakin tib ɗin, in siririn nan ne famfon mai faci bazai kama shi ba sai ka sayi ɗan kan da ake ɗaurawa, ka riƙa yawo dashi a aljihu.

Giya, mutane na son jin 21 ko 24 ko 27, alhali yawan ba shi ne ba, abin dubawa shi ne babban faranti na baya ya zama babba sosai yadda za ka hau dutse kana zaune. A jerin kayan giya na Shimano, Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sai Deore, in ka samu Deore a gwanjo da lafiyarsa kada ka tsaya dogon ciniki. Ka hau ka canza giya ɗaya bayan ɗaya, in sarƙa na tsalle idan ka taka da ƙarfi to ita da haƙoran baya sun cinye, ka cire kuɗinsu daga farashi.

Girman firam ma a gwada, ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, ya zama da ɗan rata tsakaninka da ƙarfen sama. Sannan kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan keke, ka rage na hular kwano da safar hannu, ƙaramin famfo, tib biyu da kayan faci, dan a cikin Shere in ƙaya ta huda maka taya turawa za kayi har bakin titi.