Taron tsofaffin jiragen ruwa na Braunston: abin kallon yana ɗakin baya

Duk ƙarshen watan Yuni, ƙauyen Braunston da ke yankin Northamptonshire a tsakiyar Ingila yakan cika maƙil da siraran jiragen ruwa irin na da, waɗanda suka yi dakon kwal da katako da hatsi a hanyoyin ruwan da Turawa suka haƙa da hannu tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Tun 2003 ake wannan taro, Asabar da Lahadi. Bana na je da iyalina, kuma da yake 'yan uwa mazauna Birmingham da Coventry da Leicester ba su rasa tambayar inda za a kai yara idan gari ya yi ɗumi, ga abin da na gani. Wurin ya cancanci zuwa. Amma wanda ya je ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaukar hoto har yamma, rabin kuɗin mansa ya tafi a banza.

Da farko dai, su waɗannan jirage abin mamaki ne a ido. Tsawon babba cikinsu ya kai ƙafa 70 zuwa 72, faɗinsa kuwa kimanin ƙafa 7 ne. Ba son ransu ya sa aka ƙera su haka ba. Idan hanyar ruwa za ta hau tudu, akan gina mata wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa har jirgin ya ɗaga, sannan a buɗe masa ya wuce. Injiniya James Brindley, wanda ya yi aikin hanyar ruwan Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal Manchester, shi ya tsayar da ma'aunin waɗannan ɗakuna a hanyoyin tsakiyar ƙasar. Ya matse su don a rage kuɗin gini da asarar ruwa, sai ya zama dole kowane maƙerin jirgi ya bi ma'auninsa. Braunston kuwa mahaɗa ce: a nan hanyar Oxford ta gamu da ta Grand Union mai zuwa Landan, a ƙarƙashin gadoji biyu na zubin ƙarfe, fari da baƙi, da suke tsaye tun shekarun 1830. Masu dako da yawa daga ma'adinan kwal zuwa kudu ta nan suke bi, shi ya sa masu jirage suka mai da garin gida. A cocin da ke kan tudu suke ɗaura aure, a nan ake binne su.

Babban abin da ake tallata taron da shi shi ne jerin gwanon jirage. Sukan taso ɗaya bayan ɗaya, su bi ta cikin tashar jiragen, su fita zuwa mahaɗa, su juyo, wani mutum kuma yana ta bayani ta lasifika: wannan an ƙera shi shekara kaza, kamfani kaza ya yi wa aiki. Minti ashirin na farko akwai daɗi. Daga nan sai cunkoso. Ƙa'idar gudu a waɗannan ruwaye mil 4 ce a awa, a ranar taro kuwa ko rabin haka ba a yi, domin jirage sun yi sahu uku-uku a gefe, hanyar da ta rage da ƙyar biyu ke giftawa. Jirgi mai ƙafa 70 ba shi da birki. In na gaba ya tsaya, na baya sai ya ba injinsa baya, hayaƙi ya turnuƙe, a miƙa doguwar sanda a tokare. Idan ba ka kusa da lasifika, bayanin ma ba ka ji. Ƙaramar 'yata ta gaji tun kafin a yi nisa, ta ce, "Abba, wai su ba sa sauri ne?" Na ce mata haka kakanninsu suka yi ta yi daga nan har Landan.

Wuri ɗaya ne jerin gwanon ke biyan mai kallo: kwanar shiga tasha, ƙarƙashin gadar ƙarfe. Ku nemi wuri a kan gadar da wuri. A nan ake gane gwani. Mai jirgin inji yana janye da wani marar inji a bayansa, tsawonsu a haɗe ya haura ƙafa 140, zai karya kwana mai tsanani ya shige ta ƙofar da ba ta fi jirgin faɗi da yawa ba. Na ga wata dattijuwa, ta jingina da sandar tuƙin jirgin baya, kofin shayi a hannu ɗaya, ta shigo da shi bai ko shafi bango ba. Wanda ya biyo bayanta ya daki dutsen gefe har kwanukan ɗakinsa suka yi ƙara, jama'a suka tafa masa shi ma.

To amma ni abin da ya tsaya mini a rai yana can baya, inda jiragen suke ɗaure. Yawancin masu su mutane ne masu son a tambaye su, in ka yi sallama ka nuna sha'awa sai a ce bismilla, sauko. Wani dattijo ya shigar da mu ɗakin jirginsa bibbiyu, don ba ya ɗaukar fiye da haka a tsaye. Matakin da ake takawa a sauka akwatin kwal ne. Hagu da shiga murhun ƙarfe, ɗan mitsitsi, shi ne na girki, shi ne na ɗumama ɗaki. Kusa da shi kabad, in ka sauke murfinsa ya zama teburin cin abinci. Gaba kaɗan wani murfin, in aka sauke shi ya gitta ɗakin ya zama gadon miji da mata. Dama kuwa benci ne, da dare gadon yara. Tsawon ɗakin duka bai kai ƙafa 10 ba, ni da ba dogo ba sai da na sunkuya. Babu banɗaki, bokiti ne. Ruwan sha yana cikin tulun ƙarfe a kan rufi, kusa da bututun hayaƙi. Maiɗakina ta tsaya tana ƙare wa murhun kallo, ta tambayi dattijon ina ake shanya. Ya nuna mata igiya a kan wurin kaya, ya ce in kwal aka ɗauko, wankin ma sai a hankali.

A cikin wannan ɗaki aka haifi mutane, aka yaye su, aka aurar da su. Asali ba haka abin yake ba; masu tuƙi suna da gidajensu a tudu. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya farashin dako daga shekarun 1840, sai mai jirgi ya ga ba zai iya biyan haya da ladan yaran aiki ba, ya kwaso mata da 'ya'ya ya zuba a jirgi, suka zama ma'aikatan da ba a biya. Yaro yana tasawa za a ba shi linzamin doki ko a tura shi buɗe ƙofofin ruwa. Makaranta sai dai a ji a bakin wasu, shi ya sa da yawansu har suka tsufa ba su iya karatu ba. Wani mutum, George Smith na garin Coalville, ya yi ta fafutuka har majalisa ta yi doka a 1877, aka ƙara mata ƙarfi a 1884, cewa duk jirgin da ake kwana ciki sai an yi masa rajista an ƙayyade yawan masu kwana. Lambar rajistar da sunan garin suna nan rubuce a jikin ɗakunan har yau, ku duba za ku gani.

Duk da wannan ƙunci, ɗakin a ƙawace yake ƙwarai. Tagulla ko'ina tana walƙiya, an jera farantai masu bakin leshi a bango, an rataya saƙar hannu, ƙofofi da tuluna an zane su da furanni da hoton fada a gefen tafki. Wanda ya san yadda direbobin manyan motoci a gida suke ƙawata gingimarinsu da zanen zaki da dawisu, ya san zuciyar da ta yi wannan: mutum ba shi da fili ba shi da gida, abin hawan nan shi ne duk abin da duniya za ta gan shi da shi. A nan ne kuma nake da 'yar magana da taron. Fenti ya yi yawa. Jiragen sun sha gyara sun yi fes, yawancinsu babu kaya a ciki, sun taso sama da ruwa, ga masu su sanye da farar riga da jan ƙyalle a wuya kamar ranar salla. Mai kallo daga nesa zai koma gida yana cewa mutanen da sun more. Sai ka shiga ɗakin, ka ji labarin safiyar hunturu da ake fasa ƙanƙara kafin a motsa, da mace mai goyo tana tuƙi tun asuba har dare, kafin ka san me kake kallo. Masu jiragen ba sa ɓoye wannan, amma sai ka tambaya.

Braunston ɗin ma tana da nata tarihin wahala. A 1923 kamfanin Fellows Morton & Clayton ya rage wa ma'aikatansa lada, suka tara jirage a nan suka yi yajin aiki na mako 14. Kuma daga nan ne dakon nesa na ƙarshe ya riƙa tashi: kwal daga yankin Atherstone zuwa wata masana'anta a Southall, yammacin Landan, har aka daina a 1970. Kafin nan sanyin 1962 zuwa 1963, da ya daskarar da ruwayen makonni, ya riga ya kori sauran masu ba da kaya zuwa ga motoci. Cikin jiragen da suka yi wannan zirga-zirga ta ƙarshe akwai Raymond, na katako marar inji, wanda aka ƙera a Braunston a 1958, da abokin tafiyarsa Nutfield na 1936. Wata ƙungiyar 'yan sa kai ce ke kula da su yanzu, kuma a wurinsu na fi samun bayani mai gamsarwa. Sun gaya mana ba tare da kwana-kwana ba cewa katakon Raymond na asali ya ruɓe, kusan sabo aka sake ginawa. Jirage biyu irin waɗannan, a haɗe, suna ɗaukar kimanin tan 50, mutum biyu ko uku ke tafiyar da su.

Masu son inji, ku nemi jirgin da ke da Bolinder, tsohon inji ɗan ƙasar Suwidin mai silinda ɗaya. Ba a tayar da shi da makulli. Sai an hura wa kansa wuta da fitilar gas ko ta kananzir har ya yi zafi, sannan mutum ya taka wani ƙarfe a jikin ƙaton faifan injin da ƙafa. In ya kama, bugunsa ba ya tafiya daidai, ya buga, ya buga, ya yi shiru kamar ya mutu, sai ya sake bugawa, hayaƙi na fita zobe-zobe. Ɗana bai yarda mun bar wurin ba sai da aka kashe aka sake tayarwa.

Sauran sha'ani kuwa, ku shirya. Abincin rumfuna yawanci naman alade ne, babbar rumfar taron kuma ta giya ce, da makaɗa. Mun sami dankali da kifi a wurin wani mai sayarwa, layi ya yi tsawo, kifin kuma mai ya jiƙe shi, kuɗin bai dace da abin ba. Ku zo da naku a kula, akwai ciyawa shimfiɗe inda za a zauna. Ba a ware wurin salla ba, mun yi alwala da ruwan gora muka shimfiɗa darduma a gefen filin ajiye motoci, babu wanda ya ko ɗaga kai. Ana biyan kuɗi a wurin ajiye mota, ku riƙe 'yan tsabar kuɗi don rumfunan ƙungiyoyi. Hanyar bakin ruwa siririya ce, ba shinge, ga igiyoyi da ƙarafan ɗaure jirgi a ƙasa, ga karnuka, don Bature ba ya fita bai ɗauko karensa ba. Mai ƙaramin yaro ya riƙe hannunsa gam. Keken jarirai yana shan wahala a kan gadoji.

Idan hayaniya ta ishe ku, ku bi bakin ruwa ta gabas. Akwai ɗakunan ɗaga jirgi guda 6 a jere, yara za su ga yadda ake murɗa ƙarfe ruwa ya shigo, masu jirage ma sukan bar su su tura ƙofa. A ƙarshensu ramin da hanyar ta huda tudu yake, an buɗe shi a 1796, tsawonsa ya haura mil ɗaya. Ba a yi masa hanyar doki a ciki ba, don haka a zamanin da doki ke ja, sai a kwance shi a bi da shi ta saman tudu, maza biyu su kwanta a kan katako a gaban jirgi suna taka bango da ƙafa har su fita. Wannan tafiya ta fi mini jerin gwanon yamma, wanda maimaicin na safe ne.

Wanda ba shi da mota, tashar jirgin ƙasa ta Rugby ce ta fi sauƙi, daga can a hau bas mai zuwa Daventry ko a ɗauki tasi. Ku isa kafin ƙarfe goma, lokacin masu jirage suna goge tagulla, ba su gaji da baƙi ba tukuna. Bayan azahar layin shiga ɗakunan yakan yi tsawo, wasu ma sun rufe ƙofa sun tafi cin abinci.