Kafin ka zuba sidinka a kemikal ɗin manganis

Ƴan uwa ɗaliban kemistiri na KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, masu furojet a kan manganis oksaid na nano, wato ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba, ga shawarata kafin ku shiga gari sayayya.

Ni dai har gobe famanganet nake so, KMnO4, a haɗa shi da manganis salfet. Mol 2 na famanganet, mol 3 na salfet, kowanne ka narkar da shi daban a ruwan distil, sai ka riƙa ɗiga ɗaya cikin ɗaya kana juyawa, da idonka za ka ga launin shunayyan nan ya mutu, wata laka baƙa-baƙa ta kwanta a gindin bika, MnO2 ke nan. Ba ruwanka da dumsor, ko an ɗauke wuta haɗin zai yi. Sai dai wanki, a nan ake ragwanci, haɗin yana fitar da asid, ka yi ta wankewa har litmos ya daina ja sannan ka busar.

Manganis kulorayid da NaOH ma yana yi, amma galibi Mn3O4 zai ba ka, ka tambayi sufabaiza wanne yake so tukuna. Haidirotamal kuwa, wato dafa haɗin cikin ruwa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai jure matsi da ake kira otokilef, in lab ɗinku ba otokilef mai Teflon a ciki, manta da shi. Haɗin da ake yi da ruwan ganye arha ne, amma haɗin yau daban na gobe daban.

Yanzu maganar da ta fi damuna, masu sayarwa. Wani ya taɓa miƙo min salfet a leda ba lakabi, wai na lab ne, alhali na taki ne, wallahi raina ya ɓaci. Ghana ƙasa ce da ake haƙar manganis a garin Nsuta tun 1916, amma mai tsabta sai an shigo da shi, shi ya sa ƴan damfara suka samu ƙofa. Kar ka karɓi abin da aka juye a wata kwalba. Duba hatimin murfi, lambar bach, lambar CAS, wato lambar rajistar kemikal, ta famanganet 7722-64-7 ce, kuma ka nemi takardar tantance tsabta. Masu baƙin gari wai "nano ne an gama" su ne suka fi, wani na cikin batir ne aka daka. Zai yi kumfa a haidirojin feroksaid, eh, amma kumfa ba ta nuna girman ƙwaya, sai an auna da na'urar XRD mai hasken X-ray ko madubin ilektron na TEM.

Kuma don Allah kar ka ajiye famanganet kusa da gilisarin, wuta suke kamawa.