Madubin saitin bindigar farauta: wanda ba ya gocewa shi ne abin saye

A kanti duk madubi mai kyau ne. Ka ɗaga ka leƙa, ka hango rubutun allon da ke tsallaken titi ɓaro-ɓaro, sai ka ji kamar ciniki ya faɗa. To ba a nan ake gane madubin bindiga ba. Ana gane shi ne bayan harbi hamsin, bayan ya sha jijjigar babur a hanyar burji, ya kwana a raɓa, ya wuni a rana: shin har yanzu inda gicciyen da ke cikin madubin ya nuna nan harsashi ke sauka? Da mai lasisin farauta da mai wasan harbin allo nake, kuma duk abin da zan kwatanta a kan wannan tambayar zan auna shi.

A cikin bututun da kake gani akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai, wanda sifirin ke dannewa jikin kusoshin saiti biyu, ta sama da ta gefe. Duk harbi, shurin bindiga sai ya girgiza wannan haɗin. Idan sifirin rago ne, ko an liƙa gilasan da gam marar kirki, ƙaramin bututun zai koma kusa da inda yake, ba daidai inda yake ba. Gocewar da ido ba ya gani a ciki, a nisan mita 100 ta isa ta sa ka raunata gada ta tsere ta mutu a banza. Kuma yawan nauyin madubi, yawan wahalar da yake sha a hannun shuri. Abin da zai ba ka mamaki, bindigar iska mai sifirin ta fi manyan bindigogi da yawa kashe madubi, domin ita baya take shuri sannan ta fizga gaba. In irin ta gare ka, nemi wanda aka rubuta cewa don ita aka yi.

Mafi sauƙi shi ne madubin da ƙarfin jawowarsa ɗaya ne tak, kamar 4x32 ko 6x42. Lambar farko sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ba shi da abin murzawa na zuƙowa, saboda haka abubuwan da za su lalace kaɗan ne, ga rashin nauyi. Da kuɗi iri ɗaya, kusan kullum gilashinsa ya fi na mai zuƙowa kyau. Samari na raina shi don ba shi da kwalliya. Ni kam ban taɓa raina shi ba.

Sai mai zuƙowa, wanda sarkinsu a wurin mafarauta shi ne 3-9x40. A 3 kana ganin fili mai faɗi cikin sunƙuru, a 9 kana tantance abin da ke can bakin fadama. Kamfanonin kirki sun daɗe da gwanancewa a kansa, don haka ba abin tsoro ba ne. Tarkon yana wurin irin su 6-24x50 masu araha, masu fitila ja da kore da kusoshi kamar rediyo. Yi lissafi da kanka: raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin jawowa, shi ne kaurin hasken da ke isa idonka. 40 a raba da 9 ya ba ka milimita 4.4, 50 a raba da 24 kuwa 2 da ɗan ɗoriya. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har kusan milimita 7 a duhu, ta dattijo wajen 5. Ke nan da asuba ko dab da magariba, lokacin da nama ke fitowa, wancan ƙaton madubin duhu zai nuna maka, ga shi yana ninka rawar hannunka da yalƙin zafin rana sau 24. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na uku shi ne mai jan ɗigo, wanda kamfanin Aimpoint na birnin Malmo a Suwidin ya fara fitarwa a 1975. Ba ya jawo komai kusa. Idanu biyu a buɗe kake harbi, ka ɗora ɗigon a kan abu. A kusa, a kan gyado da ya taso da gudu, babu mai saurinsa, kuma ƙaramin irinsa na kirki yana jure duka fiye da kowane dogon madubi. Aimpoint na cewa samfurinsa Micro T-2 yana yin awa 50,000 a kunne da batir CR2032 guda ɗaya, wato sama da shekara biyar. Amma batir batir ne, kuma mai larurar ido da ke sa fitila ta yi masa tartsatsi da dare ba zai ga ɗigo ba, tauraro mai wutsiya zai gani. A leƙa kafin a biya. Akwai kuma ACOG na kamfanin Trijicon, wanda ya fito a 1987, gajere mai ƙwari, ba ya bukatar batir wajen haska alamar saitinsa sai hasken rana da sinadarin tiritiyam. Sai dai hasken sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, tazarar ido gajera ce, kuma tsadarsa ta wuce bukatar maharbi.

Tazarar idon nan kada a yi wasa da ita. A babbar bindiga nemi santimita 9 zuwa 10 tsakanin idonka da gilashi. Waɗanda ba su nema ba kana iya gane su da tabo a gira.

Kamfanin Leupold na jihar Oregon a Amurka yana ba da labarin cewa Marcus Leupold ya rasa namansa ne saboda madubi ya yi gumi ta ciki, shi ya sa daga baya suka fitar da wanda aka cika da iskar naitirojin aka toshe. Yau kowane kwali yana ikirarin haka. Abin dubawa shi ne alama mai ma'auni, kamar IPX7, wadda ke nufin ya jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Toshiyar da ta hana ruwan damina shiga ita ce ke hana ƙurar hunturu. Ita kuwa ƙurar nan ta waje, a hura ta ko a kaɗe da buroshi mai laushi. Siririn shafin da ke kan gilashi, wanda Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Zeiss a 1935, shi ke sa hoto ya fito tas. Ka goge shi da bakin riga ƙura na kai, ka yi masa sanfefa ke nan.

Batun suna da kuɗi: Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus da Swarovski na Ostiriya su ne ƙololuwa, wani lokaci madubin ya fi bindigar tsada, kuma bambancinsu a mintunan ƙarshe na hasken yamma yake fitowa. Leupold da Vortex na jihar Wisconsin suna da na tsaka-tsaki masu aminci, da garanti na har abada. Amma garantin da sai ka aika kaya Oregon ko Wisconsin, ga kuɗin dako ga takardun kwastan, ga mutumin Afirka ta Yamma ado ne kawai a kwali. Nikon ma ya daina ƙera madubin bindiga gaba ɗaya. Jabu kuma sun cika kasuwar intanet, musamman na Leupold da Aimpoint da Trijicon. Ka ga an karyar da farashi ƙasa warwas, ka nemi lambar jikinsa ka tambayi kamfanin. Gara ƙaramin samfuri na gaske da babba na jabu.

Na taɓa zagin wani madubi wata guda cur, ashe laifin zobban da suka riƙe shi ne. Bututu yana zuwa da kauri inci 1, ko milimita 30, ko 34, kuma dole zobe ya dace da shi daidai. Layin Picatinny da na Weaver, wato ƙarfen saman bindiga da ake ɗaura zobba a kai, sun yi kama, amma ramin Picatinny ya fi faɗi, don haka zobensa sau da yawa ba ya zama a kan Weaver. Ɗauri kuma ba ƙarfi ba ne: yawancin masu ƙerawa suna cewa wajen niyuton-mita 2, a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a kan kusoshin zobe. Ka wuce haka ka matse bututun, ka hana na ciki motsi, da hannunka.

Da ni ne da bindiga ɗaya da aljihu matsakaici, 3-9x40 na sanannen kamfani zan saya, ko 4x32 in daji mai duhu nake shiga, in ware kuɗi mai tsoka don zobba. Sannan kafin ranar mayarwa ta wuce in kai shi filin gwaji. Duba jikin kusar saiti: in an rubuta 0.1 mil, kowane ƙas ɗaya santimita 1 ne a mita 100. In 1/4 MOA ne, kimanin milimita 7. Harba uku a tsakiya. Murza ƙas 10 sama ka harba, 10 dama, 10 ƙasa, 10 hagu, kana nufin wuri ɗaya kowane karo. Ramukan su zana murabba'i, na ƙarshe su faɗa kan na farko. In ba su faɗa ba, mayar da shi kwalinsa tun rasit bai ɓata ba.