EQ ko kwamfuresa: wanne ke fito da muryar da ta nutse a kiɗa?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗauki murya ka ɗora ta kan kiɗa amma tana nutsewa, kana tambaya EQ za ka sa mata ko kwamfuresa, kuma wanne ke zuwa da farko. Kafin ka taɓa ko ɗaya, saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe ka lura: muryar a danne take ko'ina, ko kuwa wasu kalmomi ne ke fitowa tsaf wasu su ɓace? Ciwo biyu ne daban, kowanne da maganinsa.

EQ da kaurin sauti da sirantarsa yake aiki. Kunnen mutum yana jin abin da ke tsakanin 20 Hz da 20,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti); can ƙasa kauri ne irin na bes (jita mai kaurin sauti) da kik (babbar ganga), can sama siranta ce irin ta kacau-kacau. Da EQ za ka zaɓi wani yanki ka rage shi ko ka ƙara, kuma yadda ka saita haka zai zauna har waƙa ta ƙare. Shi kuwa kwamfuresa ƙarfin sauti yake gadi. Za ka sa masa iyaka, duk lokacin da murya ta haura iyakar sai ya danne ta, in ta sauko ya sake ta. Ke nan in muryar a lulluɓe take daga baiti zuwa amshi, aikin EQ ne. In mawaƙin yana ɗaga murya a amshi ta yi tsawa, a baiti kuma ƙarshen kalmominsa su mutu, aikin kwamfuresa ne.

Amma fa sau da yawa ba ko ɗayansu ba ne. Sauke dukkan fedojin ƙasa, wato maɓallan ƙara ko rage ƙarfin kowane sauti, ɗaga na murya kaɗai, sannan ka riƙa shigo da kik, bes, piyano da sauran kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tsaya inda ba zai taka muryar ba. Wannan ne ya fi ba ni takaici a aikin masu farawa: mutum ya jera fulogin (kayan gyaran sauti irin su EQ da kwamfuresa) shida a kan murya alhali piyanonsa ne kawai ya yi ƙara da yawa.

In ka daidaita fedoji har yanzu tana lulluɓe, to buɗe EQ. Yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a muryar, don galibi gurnanin ɗaki ne da bugun iska a makirfo. Tsakanin 200 da 400 Hz ne sauti ke cakuɗewa ya zama kamar ana waƙa cikin tulu. Rage 2 ko 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) a nan ka ji yadda za ta washe. Fitowar kalmomi tana wajen 2,000 zuwa 5,000 Hz, kuma nan ne masu farawa ke yawan kuskure, suna ta ƙara wa murya har ta koma tana sukar kunne. Ni na fi son in je kan piyano ko jita in rage musu wannan yankin kaɗan. Muryar ba a taɓa ta ba, amma ta samu gurbi. Kada kuma ka daɗe kana gyaran murya ita kaɗai a solo, mai sauraro tare da kiɗa zai ji ta.

Kwamfuresa ya fi wuyar ji a kunne, shi ya sa ake yawan ɓata waƙa da shi. Fara da reshiyo 3:1 ko 4:1. Ma'anar 4:1 ita ce duk 4 dB da suka haura iyaka, 1 dB ne zai fita. Sauke iyakar a hankali har mita ta nuna ana danne 3 zuwa 6 dB a wuraren da mawaƙin ya fi ɗaga murya. In atak, wato saurin da yake fara dannewa, ya yi sauri da yawa zai cinye farkon kalmomi, murya ta rasa kuzari. In rilis, wato saurin da yake sakin murya, ya yi jinkiri, ba zai saki ba har kalma ta gaba ta iso a danne. In ka matsa shi fiye da kima, numfashi da hayaniyar ɗaki su ne za su taso gaba.

Batun jeri kuwa, ni EQ na yanka nake sawa a gaba. Dalili shi ne kwamfuresa bai san gurnani da waƙa ba. In ka bar masa kaurin banza, shi zai riƙa haura iyaka yana jawo a danne muryar a inda bai kamata ba. Bayan kwamfuresa, in akwai buƙatar ƙarin haske a sama, sai a sa wani EQ ɗin. EQ ɗin da ya zo tare da manhajarka ya wadatar, ko Fruity Parametric EQ 2 na FL Studio ne ko EQ Eight na Ableton.

Duk wanda ka sa a cikinsu, daidaita ƙarfin fitarsa da na shigarsa, sannan ka riƙa kunna shi kana kashewa. Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da 1 dB ne bambancin. In ƙarfin ya zo ɗaya kuma ba ka ji muryar ta ƙara fitowa ba, cire fulogin ɗin ka koma kan fedoji.